Icce Tun Yana Ɗanye: Hannun Wa Ya Dace da Jinyar Karkataccen Baya?

A shekarar 1741 wani tsohon likita na birnin Paris, mai suna Nicolas Andry, ya wallafa littafi a kan yadda ake hana jikin yara lanƙwashewa, da yadda ake gyara shi in ya riga ya lanƙwashe. Da ya zo raɗa wa littafin suna sai ya ɗauko kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin miƙaƙƙe, ɗaya tana nufin yaro, ya gama su wuri guda. Daga nan aka samu sunan da Faransanci ke kiran likitancin ƙashi da shi har gobe, wato ortopedi. A cikin littafin akwai zanen wani ɗan icce karkatacce da aka ɗaure da igiya a jikin miƙaƙƙen turke, zanen da ƙungiyoyin likitocin ƙashi da dama suka mayar tambarinsu. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan zane, domin tun kaka da kakanni ya san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da zanen bai nuna ba, karin maganar ma ba ta faɗa ba, shi ne hannun da ya ɗaura igiyar. Wa ya san inda za a ɗaure, da ƙarfin da za a ja, da ranar da za a kwance? A kan wannan tambaya ce iyaye da yawa ke ɓata watanni, wani lokaci shekaru, alhali bayan ɗansu na ci gaba da karkacewa.

Larurar da likitoci ke kira sikoliyoz karkacewar ƙashin baya ce zuwa gefe. Ƙashin bayan mai lafiya, in aka dube shi ta baya, miƙe yake tun daga ƙeya har ƙugu. Na mai wannan larura kuwa yakan yi baka kamar lauje, ko ya yi lanƙwasa biyu kamar sawun maciji bisa rairayi. Ƙasusuwan kuma suna murɗewa, su ja haƙarƙari tare da su, har ɓangare ɗaya na baya ya fi ɗaya tudu. Kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na yara masu tasowa, daga shekara 10 zuwa ƙarshen girma, suna da ita, ko da yake ta galibinsu ƙarama ce, ba ta bukatar komi sai sa ido. A wajen kusan mutum 8 cikin 10 ba a san musabbabinta ba. Abin da aka sani shi ne tana bin dangi, kuma ta fi tsananta ga ƴan mata nesa ba kusa ba. Ba ta cika zuwa da ciwo ba da fari, babu zazzaɓi, babu kumburi, shi ya sa takan yi nisa kafin a ankara.

Haka ta faru ga wata malamar koleji a wani gari na jihar Maraɗi, wadda ɗiyarta ta fari ke da shekara 12. Tela ne ya fara lura. An kai masa atamfar Salla, ya auna yarinyar, ya ɗinka, amma da ta sa rigar sai gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Ya warware, ya sake aunawa, ya sake ɗinkawa, abin bai canza ba. Da uwar ta zo karɓa ya ce mata: “Malama, laifin ba na almakashina ba ne. Kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tashi, ƙugunta kuma ɗaya ya shige ciki. Ki duba ta da kyau in kun koma gida.” A daren nan malamar ta lissafa, ta tarar ta kai shekara uku ba ta ga bayan ɗiyarta a buɗe ba. Tun da yarinyar ta fara wanka da kanta, ta fara sa hijabi, kunyar da ke tsakanin uwa da ɗiyar fari ta rufe sauran.

Kafin gari ya waye magana ta gama gida, kowa kuma da nasa fassarar. Kakar yarinyar ta ɗora laifin bisa tulun ruwa da ake aza mata tun tana ƙarama. Goggonta ta ce shafar iska ce, a nemi mai ruƙiyya. Wani abokin aikin malamar ya ce nauyin jakar littattafai ne da zaman benci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke haifar da irin wannan karkacewa: kaya mai nauyi yana gajiyar da baya, yana iya sa shi ciwo, amma ba ya murɗe ƙashi. Maigida ya yanke shawara a fara da maɗori, tunda magana ta ƙashi ce.

Maɗorin tsoho ne da ya gaji sana'ar daga ubansa. Ya shafa bayan yarinyar daga sama har ƙasa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce wa uwar: “Ɗiyata, ni karaya nake ɗorawa, da targaɗe, da gocewar ƙashi. Nan babu abin da ya karye, ba a kuwa ɗora abin da bai karye ba. Ku kai ta asibiti.” Bai karɓi ko dala ba. Wannan dattijo ya san iyakar sana'arsa, kuma da an bi maganarsa a ranar, da an tsira da watanni masu tsada. Sai dai wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa ya yi alkawarin miƙe bayan da tausa da ja da ɗauri, aka ba shi wata huɗu. Daga nan aka je wata ƙaramar cibiyar lafiya, aka samo ƙwayoyin kashe ciwo, alhali yarinyar ba ta jin ciwo, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, alhali ƙashinta ba rauni ne da shi ba. Sa'an nan wani mai gashin ƙashi ya yi mata zama ashirin na motsa jiki ba tare da ya nemi hoton radiyo ba. Kowannensu ya yi abin da ya iya, wasunsu da kyakkyawar niyya. Amma babu wanda ya auna karkacewar, babu wanda ya tambayi abin da na gabansa ya yi, babu kuma wanda ya ce a dawo rana kaza a gwada a gani. Dambu ya yi yawa, bai ji mai ba. Wata tara suka wuce, a cikinsu yarinyar ta ƙara tsawo har siket ɗinta na makaranta ya ɗage.

Wani matashin likita na asibitin gunduma ne ya katse wannan yawo. Ya sa yarinyar ta haɗa ƙafafu, ta duƙa gaba hannuwa na reto, ya tsaya a bayanta ya hangi gadon bayan, sai ga tudun haƙarƙari a dama ƙuru-ƙuru. Wannan gwaji likitan Ingila William Adams ne ya bayyana shi a 1865, kuma har yanzu da shi ake farawa. Ya sa aka ɗauki hoton radiyo tana tsaye, domin hoton kwance yana rage girman lanƙwasar. Ya rubuta takarda zuwa ga likitan ƙashi a Yamai, ya ce: “Malama, wannan ta fi ƙarfin ofishina. Zan taimaka, amma ba ni ya kamata in riƙe akalar ba.”

Tafiyar ta fi kilomita 600, malamar kuma ta yi ta da fargaba, domin a tunaninta wanda aka tura wurin likitan tiyata wuƙa aka tura shi. Abin da ta tarar tambayoyi ne. Yarinyar ta fara al'ada? Ciwon baya yana tada ta cikin dare? Tana zazzaɓi, ko gumin dare, ko tari, ko rama? Akwai mai irin wannan baya a dangi? Likitan ya auna tsawon ƙafafunta, ya ƙwanƙwasa gwiwoyinta, ya gwada ƙarfin yatsun ƙafa, ya duba fatar bayan. Daga nan ya ja layuka bisa hoton, ya auna kusurwa, ya ce digiri 32. Ya nuna gefen ƙashin ƙugu a hoton, ya ce girma da sauransa da yawa. Sai ya juya ga yarinyar: “Ɗiyata, ba za a yanka ki ba. Amma akwai wata riga da za ki sa, ba kuwa mai daɗin sawa ba ce.”

A cikin wannan zama na rabin awa akwai dalilai uku da suka sa jagorancin wannan jinya ya dace da likitan ƙashi, musamman wanda ya ƙware a kan ƙashin yara ko ƙashin baya.

Na farko, ba kowane karkataccen baya ne iri ɗaya ba, kuma a ƙasashen Sahel wannan magana tana da nauyi na musamman. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, cutar da ake kira da sunan likitan Landan Percivall Pott, wanda ya bayyana ta a 1779. Ita takan cinye ƙashi har ya rufta, ta fitar da doro mai tsini, tare da ciwo da zazzaɓi da rama, tana kuma iya danne laka ta shanye ƙafafu. Maganinta ƙwayoyin tarin fuka ne na tsawon watanni, kuma tausa da ja a kan irin wannan baya ganganci ne. Akwai karkacewar da shan inna ke bari. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan. Akwai yaron da aka haifa da ƙashi ɗaya rabi, mai siffar weji. Akwai wanda ƙafarsa ɗaya ce ta fi ɗaya gajarta, bayan ya karkata don ya daidaita tsayuwa, wanda ƙarin dunduniyar takalmi kan wadatar. Akwai kuma wanda matsalar tana cikin lakar kanta, sai na'urar IRM ke nuna ta. Saboda haka ciwon da ke hana barci, ko rauni a ƙafa, ko bayyanar karkacewa kafin shekara 10, ko lanƙwasar ƙirji da ta nufi hagu maimakon dama, alamomi ne da ke sa likita ya zurfafa bincike. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan, balle hannu mai tausa.

Na biyu, jinyar nan lissafi ce ta abu biyu, girman lanƙwasa da sauran girman yaro. Hanyar auna kusurwar likitan Amurka John Cobb ya tsara ta a 1948, alamar ƙashin ƙugu mai nuna sauran girma kuma Joseph Risser ya bayyana ta a 1958, mataki daga 0 zuwa 5. Abin da bai kai digiri 10 ba ba a lissafa shi a cikin larurar. Ƙasa da 25 galibi sa ido ake yi, a sake dubawa bayan wata 4 zuwa 6. Daga 25 zuwa wajen 40 ko 45, in yaron yana kan girma, ana sa korse. Daga 45 ko 50 zuwa sama ake fara maganar tiyata. Lanƙwasar ta fi gudu a lokacin da yaro ke miƙewa da sauri, wanda ga ƴan mata yake zuwa gabanin fara al'ada, ta kuma lafa kamar shekara biyu bayan farawar. In girma ya ƙare lanƙwasar tana ƙasa da digiri 30, galibi nan take tsayawa. In ta haura 50, takan ci gaba da ƙaruwa kamar digiri ɗaya a shekara har cikin manyanta, kuma mafi girma daga cikin na ƙirji suna takura wa huhu. Ashe duka damar da ake da ita ba ta wuce shekara biyu zuwa uku ba. Wata tara da aka ɓatar a yawon neman magani babban rabo ne daga cikinta.

Na uku, kowane mai sana'a maganin da ke hannunsa yake gani. Wanzami ƙaho yake gani, mai tausa tausa, mai kantin magani ƙwaya. Likitan ƙashi shi ne wanda horonsa ya haɗa hanyoyin uku, jira da korse da tiyata, ya kuma san ranar da za a bar ɗaya a koma ɗaya. Mai ƙorafi na iya cewa ai shi ma wuƙarsa yake gani. Amsar ita ce alƙaluman da aka ambata sun ɗaure shi kamar yadda suka ɗaure kowa, mafi yawan yaran da ke zuwa gabansa ba sa taɓa shiga ɗakin tiyata, kuma uban da aka ce masa a yi wa ɗiyarsa aiki yana da haƙƙin ya ɗauki hoton ya nuna wa wani likitan ƙashi na biyu kafin ya sa hannu.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Korse riga ce ta roba mai tauri da ke kama jiki daga ƙarƙashin hamata zuwa ƙugu, tana danna inda ya tasa, tana barin fili inda ya shige. Tana da iri-iri: ta Milwaukee ta 1946, ta Boston ta farkon shekarun 1970, da wadda likitan Faransa Jacques Chêneau ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun nan. Ba a sayen ta a kasuwa kamar takalmi. Maƙerin kayan tallafar gaɓɓai, irin waɗanda makarantar ENAM ta Lome ta daɗe tana horarwa domin ƙasashe masu magana da Faransanci, shi ke ɗaukar siffar jikin yaron ya ƙera masa tasa shi kaɗai. Likitan ya sake ɗaukar hoto da rigar a jiki ya ga ko tana aiki, kuma duk lokacin da yaron ya ƙara tsawo a gyara ta ko a sake wata. An daɗe ana gardama ko tana da amfani, har sai da wani bincike da Stuart Weinstein ya jagoranta a Amurka da Kanada ya fito a 2013. A cikin yara 242, kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka sa korse sun gama girma lanƙwasarsu ba ta kai digiri 50 ba, a waɗanda aka zuba wa ido kawai kuwa kashi 48 ne. Waɗanda suka riƙa sa ta wajen awa 13 ko fiye a yini, kusan 9 cikin 10 sun tsira daga kai wa ga iyakar tiyata. Aikin korse tsayar da lanƙwasa ne, ba ta cika mayar da baya miƙaƙƙe ba, kuma ya kamata a gaya wa iyaye haka tun ranar farko.

Mai gashin ƙashi, wanda aka fi sani da kine, yana da nasa gurbi mai daraja. Wata Bajamushiya, Katharina Schroth, wadda ita kanta ta yi fama da larurar, ta buɗe wurin jinyarta a 1921, ta tsara motsa jiki da numfashi na musamman da har yau ake koyarwa da sunanta. Irin wannan horo yana ƙarfafa naman baya, yana gyara tsayuwa, yana taimaka wa wanda ke cikin korse kada jikinsa ya saki. Ba ya maye gurbin korse ga lanƙwasar da ta kai a sa ta, kuma kine na ƙwarai shi ne mai cewa a kawo masa hoto da takardar likita kafin ya fara. Likitan gunduma da ma'aikatan jinya su ke auna tsawon yaron, su duba inda roba ta goge fata, su ɗauki sabon hoto in lokaci ya yi.

Nauyin da ya fi kowane, a kan uwa da ɗiya ya faɗa. An ce a sa rigar awa 18 a yini, ga bazarar Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Malamar ta sayi singiletin auduga masu yawa domin sawa a ƙarƙashi, kuma da yardar likitan aka tsara a cire rigar da tsakar rana da lokacin wasanni, a rama da dare. A wata na biyu yarinyar ta dawo daga makaranta ta jefar da ita bayan ƙofa, ta ce: “Inna, ni ba zan ƙara sa ta ba. Kunkuru suke ce mini.” Uwar ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko hotunan biyu, na farko da na cikin korse, ta ɗaga su a hasken taga, ta bar yarinyar ta ga bambancin da idonta. Washegari ta je wurin malamin ajin. Shi kuma bai hukunta kowa ba, sai ya mayar da darasin kimiyyar ranar a kan ƙashin baya, ya zana shi a allo, ya bayyana abin da rigar ke yi. Sunan bai mutu nan take ba, amma dafinsa ya ragu.

Inda korse ta kasa, ko aka zo a makare, tiyata ce ta rage. Paul Harrington na birnin Houston ne ya fara sa sandar ƙarfe a bayan yaran da shan inna ya karkatar, a shekarun 1950. A 1983 Yves Cotrel da Jean Dubousset suka yi aikin farko a Paris da tsarinsu na sanduna biyu masu kama baya a wurare da yawa, wanda ayyukan yau suka gada. Aiki ne na awoyi, mai bukatar gwanin sa barci, da jini a ajiye, da na'urar da ke lura da laka yayin da ake miƙe ƙashin, da ɗakin kulawa ta musamman bayan an gama. Likitocin ƙwaƙwalwa da laka su ma suna yin tiyatar baya, wani lokaci tare da na ƙashi. Tambayar da ta dace ga kowannensu ita ce ko irin wannan aiki ne ya saba yi. A Afirka ta Yamma, asibitin FOCOS da aka buɗe kusa da Akra a 2012, wanda likita ɗan Gana Oheneba Boachie-Adjei ya assasa bayan ya daɗe yana tiyatar baya a New York, ya yi suna a kan lanƙwasa masu tsanani, har daga Habasha ake kai masa yara. Irin wannan tafiya ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan gidaje, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar kada a yi wasa da shekarun korse.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk abin da ya gabata. Likitocin ƙashi kaɗan ne, kuma a manyan birane suke, a asibitocin ƙasa da na ƙwararru na Yamai da Damagaram da Maraɗi, da irin asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 domin nakasar ƙashi da makamantanta. Jinyar kyauta da aka kafa a Nijar a 2006 ta tsaya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, wannan larura kuwa galibi sai bayan 10 take bayyana. To me amfanin a ce wa manomin da ke wani ƙauye na Tawa ya nemi likitan ƙashi? Ƙorafin gaskiya ne, sai dai jagoranci ba ya nufin zama kullum a gefen majinyaci. Madugu ba ya ɗaukar kayan kowane jaki, hanya yake faɗa da wurin zango. Malamar nan sau biyu kacal take zuwa Yamai a shekara. Tsakanin haka likitan gunduma ke duba yarinyar, ya aika hoto ta WhatsApp, amsa ta dawo. Akwai kuma karne guda da ke bin yarinyar duk inda ta je, a cikinsa kwanan wata, da tsawonta, da digirin lanƙwasar, da ranar komawa. Duk wanda ya taɓa ta, kine ne ko maƙeri ko ma'aikacin jinya, a ciki yake rubutawa, kuma mutum ɗaya ne ke da ikon canza tsarin.

Bayan shekara biyu da rabi hoton ƙugu ya nuna girma ya ƙare, lanƙwasar tana digiri 34. Aka riƙa rage awoyin rigar sannu a hankali har aka ajiye ta. Bayan bai miƙe ba, allon kafaɗar dama yana ɗan tasowa in ta duƙa, amma ba a yanka ta ba, ba kuma a tsammanin za a yi. Kakar, wadda tun farko aure da haihuwa ne damuwarta, ta samu amsa daga bakin likitan cewa irin wannan lanƙwasa ba ta hana ciki, ba ta hana haihuwa. Wani bincike na jami'ar Iowa da ya fito a 2003, wanda ya bi mutum 117 masu larurar da ba a yi wa jinya ba har shekara 50, ya tarar galibinsu sun yi aiki, sun yi rayuwa irin ta kowa, ko da yake sun fi sauran mutane ciwon baya da damuwa da siffar jikinsu.

Wannan damuwa da siffa, a nan ne ƙungiyoyin al'adu ke da abin cewa. Fiye da shekara 400 ƴan wasan kwaikwayo suna nuna sarkin Ingila Ricad na Uku, kamar yadda Shekispiya ya siffanta shi, a matsayin mugu mai ƙusumbi, muninsa na waje shaida ne na muninsa na ciki. A 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Lesta, sai aka tarar sikoliyoz ce gare shi, mai girma ƙwarai, amma wadda tufafi za su iya rufewa, ba ta kuma hana shi hawan doki da yaƙi ba har ya faɗi a fagen fama a 1485. Dandalin wasa a ƙasar Hausa ma bai kuɓuta daga wannan ɗabi'a ba: mai doro da mai ƙazaza sun daɗe suna zama abin dariya. Dariyar tana da farashi, domin ita ke sa uwa ta ɓoye bayan ɗiyarta a ƙarƙashin babban mayafi don gudun bakin mutane, har lokacin gyara ya wuce. Ƙungiyar da ta iya shirya wasa a kan rigakafi da karatun ƴan mata tana iya shirya wanda zai nuna yarinya mai korse a matsayin ɗaliba kamar kowa.

Malamai kuwa su ne suka fi kowa ganin yara a shekarun da larurar ke ɓullowa, daga aji biyun ƙarshe na firamare zuwa biyun farko na koleji. Ƙasashe sun saɓa a kan ko ya dace a riƙa gwada dukkan ɗalibai, domin gwajin yana tura wasu asibiti ba tare da bukata ba. Amma inda tela ne ke fara ganowa, idon malami ba zai zama ɓarna ba. Kafaɗa ɗaya sama da ɗaya, allon kafaɗa da ya tasa, ƙugu da ya shige gefe guda, riga mai sauka a karkace, waɗannan malamin wasannin motsa jiki yana iya lura da su ba tare da ya taɓa kowa ba. Gwajin duƙawa ba ya cin minti ɗaya, amma a yi shi a keɓe, da sanin iyaye, mace ga ƴan mata, namiji ga maza. Daga nan aikin malami ya ƙare a turawa asibiti. Kada ya raɗa wa cuta suna, kada ya ba da shawarar magani, kada kuma ya hana yaron wasanni, domin motsa jiki ba ya ƙara lanƙwasar.

Abin da malami zai iya ba iyaye su tafi da shi tambayoyi uku ne, su yi wa duk wanda ya ce zai yi wa ɗansu jinya. Lanƙwasar digiri nawa ce? Girma nawa ya rage wa yaron? Yaushe za a dawo a sake aunawa? Wanda ya amsa su yana riƙe da hoton radiyo a hannu, ya kuma rubuta amsar a karne, shi ya cancanci riƙe akala. Wanda ya kasa, yana iya zama mataimaki nagari, amma a wuce shi a nemi na gaba, tun yaron yana sauran girma.